RA'AYI: Kafin a sayo na'urorin awo, a fara tambayar wa ke riƙe da direbansu

Ma'aikatan da ke zaune a Abuja ba za su manta da watan Oktoban 2022 ba. Layukan motoci sun miƙe a gidajen mai daga Kubwa har Nyanya, kuɗin mota ya tashi, zuwa ofis a kan lokaci ya zama sai mai rabo. Asalin matsalar yana can nesa da birnin: ruwa ya shanye hanyar Lokoja zuwa Abuja a wajajen Koton Karfe, tankokin man da suka taso daga kudu suka maƙale. Ambaliyar wannan shekara ta yi sanadin rasuwar mutane fiye da 600, ta kuma raba fiye da mutum miliyan ɗaya da muhallansu. Shekara goma kafin nan, a 2012, Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ta ƙidaya rayuka 363 da suka salwanta da mutum miliyan 2.1 da suka rasa matsuguni.

A duka lokutan biyu akwai wata lamba da hukumomi suka zuba wa ido, wato tsayin ruwa a Lokoja, inda Kogin Neja da Kogin Binuwai suka haɗu. A ƙarshen Satumban 2012 ya kai mita 12.84, a 2022 kuma ya haura mita 13. Hukumar Kula da Al'amuran Ruwa ta Ƙasa, NIHSA, ita ce ke bin wannan lamba tare da 'yan uwanta daga Jiderebode a Jihar Kebbi, da Kainji, da Jebba, da Makurdi, da Wuroboki a Jihar Adamawa. Lambar ce ke shiga takardar da ake miƙa wa minista, da ita kuma gwamna ke kafa hujja kafin ya ce mutanen bakin kogi su tashi. Ya dace, ke nan, waɗanda ke rubuta irin waɗannan takardu su san hanyar da lambar ke bi kafin ta iso teburinsu, su kuma san gaɓar da ta fi saurin tsinkewa a hanyar.

Daga bakin kogi zuwa teburin darakta

A tsohon tsari, wanda har yau yake aiki a wurare da yawa, mutum ne ke zuwa bakin kogi ya duba sandar awo ya rubuta a littafi. A sabon tsari na'ura ce ke yin aikin dare da rana. Ana nutsar da wata 'yar na'ura mai jin nauyin ruwa, wadda masu sana'ar ke kira sansa. Gwargwadon zurfin ruwan da ke kanta, gwargwadon lantarkin da take fitarwa. A ƙa'idar da masana'antu suka daɗe suna bi, lantarkin yana kai-komo ne tsakanin miliamfiya 4 da 20. Idan an ƙera sansar domin awon mita 20, to 4 na nufin babu ruwa a kanta, 12 na nufin mita 10, 20 kuma na nufin ta kai iyakarta. Da gangan aka fara daga 4, domin idan waya ta tsinke lantarkin zai faɗi zuwa sifili, a gane laifin waya ne, kada a ɗauka kogi ne ya ƙafe.

Kwamfuta kuwa ba ta fahimtar lantarki mai hawa da sauka, lambobi kaɗai take karɓa. Saboda haka akwai wani ɗan guntu da ake kira ADC, wanda aikinsa shi ne mayar da ƙarfin lantarki zuwa lamba. Guntu mai bit 12 yana raba awon gida 4,096, mai bit 16 kuma gida 65,536. A kan zurfin mita 20, na farkon ma yana iya bambance sauyin kusan rabin santimita.

Nan ne ake isowa gaɓar da ba a cika gani ba. Kwamfutar da za ta karɓi lambar tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, irin su Windows ko Linux. A tsakiyar babbar manhajar akwai zuciyarta, wadda ake kira kanel, kuma shi kaɗai ke da izinin taɓa kayan ƙarfen kwamfuta kai tsaye. Duk manhajar da ke son sanin abin da sansa ta ji sai ta bi ta kansa, kamar yadda takarda ba ta isa gaban babban sakatare sai ta bi ta rajista. Shi kuma kanel bai san yaren kowane guntu ba. Kowane guntu yana da tafintansa, wata gajeriyar manhaja da ta san inda za a aika masa umarni, da tsawon lokacin da za a jira, da yadda za a karanta amsarsa. Wannan tafinta shi ake kira direba. Idan babu shi, sansa na iya kasancewa lafiya lau, guntu lafiya lau, amma allon darakta ba zai nuna komai ba.

Abin da ake son kafawa a nan shi ne: duk lokacin da wata ma'aikata ko hukumar tarayya za ta sayi na'urar awo, ya kamata makomar direban ta shiga sharuɗɗan kwangila a rubuce, a kuma fifita na'urar da direbanta ke cikin buɗaɗɗen kanel da kowane injiniya zai iya karantawa ya gyara. Takardun neman tayi sun saba ƙayyade kaurin waya da girman faifan sola da launin fentin akwati, su yi shiru a kan abin da zai yanke tsawon ran na'urar.

Yadda na'ura ke mutuwa alhali tana da lafiya

A ƙaddara wata hukuma ta sayi tashoshin awo ashirin. Ɗan kwangila ya kafa su, ya kawo kwamfutar karɓar bayanai, ya ɗora mata direban da kamfanin ƙera na'urar ya bayar a rufe, wanda ba ya aiki sai a kan Windows 7. An yi bikin ƙaddamarwa, an biya kuɗi. Bayan shekara biyar kwamfutar ta lalace, sashen saye-saye ya kawo sabuwa, direban ya ƙi hawa kanta. An nemi wakilin kamfanin, an tarar ya rufe ofis. An rubuta wa uwar kamfanin a ƙasar waje, ta amsa cewa ta daina yin wannan samfuri, amma tana da sabo na sayarwa. Tashoshin ashirin suna nan tsaye, masu binciken kuɗi suna ganin su a rajistar kadarori, ba su aiko da ko lamba ɗaya. A kasafin shekara mai zuwa sai a ga sabon layi na sake sayen abin da bai lalace ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma direban da hukuma ba ta da ikon buɗewa aro ne, ko da ta biya kuɗinsa.

Wannan misali ne, amma kwanakin da ke bayansa na gaske ne. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a watan Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Babu laifi a kan kamfani don ya yi haka, kasuwancinsa ke nan. Matsalar ita ce babbar manhaja tana sauyawa duk bayan 'yan shekaru, alhali ana son tashar awo ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin. Hukumar da ta ƙi sabunta kwamfuta don kada na'urarta ta tsaya kuma ta buɗe wata ƙofar. A watan Mayun 2017 mugunyar manhajar WannaCry ta afka wa asibitocin gwamnati a Ingila ta hanyar kwamfutocin da ba a sabunta ba, ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya ƙiyasta cewa an soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Wasu na'urorin asibitin sun shiga cikin matsalar ne domin manhajarsu na hannun kamfanonin da suka ƙera su.

Abin da Linux ya tanada

Linus Torvalds ya fara rubuta kanel ɗin Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Yau kowace wayar Android da ke aljihun ma'aikaci a kansa take tafiya. Ana fitar da sabon zubinsa duk bayan mako tara ko goma, asalin rubutunsa kuma a buɗe yake ga kowa. Akwai ƙa'idoji biyu na masu kula da shi da suka shafi batun saye kai tsaye. Ta farko, suna sauya tsarin cikin kanel yadda suka ga ya dace, amma duk wanda ya sauya wani abu, a wuyansa yake ya gyara dukkan direbobin da ke cikin babban rumbun rubutun domin su ci gaba da aiki. Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da kanel ɗin, ya rubuta takarda ta musamman a kan wannan, tana nan cikin takardun da ke tafe da shi. Ta biyu, ba a yarda a karya hanyar da manhajojin waje ke bi su yi magana da kanel ba. Sakamakon haka, direban da aka shigar cikin rumbun yana samun masu yi masa hidima ko da kamfanin da ya ƙera guntun ya juya baya, wanda aka bari a waje kuwa yana tsufa shi kaɗai.

Domin na'urorin awo, kanel ɗin yana da sashe na musamman mai suna IIO, wanda Jonathan Cameron ya assasa. Ya shiga ɓangaren gwaji na kanel a 2009, ya zama cikakken sashe a 2012, yanzu kuma yana ɗauke da ɗaruruwan direbobi na guntayen ADC da sansar zafi da danshi da nauyin iska da haske da motsi. Amfaninsa shi ne daidaito. Kowace na'ura tana bayyana a matsayin jakar fayiloli masu sunaye iri ɗaya: wani fayil na ɗauke da ɗanyen lamba, wani na ɗauke da abin da za a ninka ta da shi a samu awo na gaskiya. An kuma tsayar da ma'auni: lantarki da milibolt, nauyin iska da kilofaskal. Idan guntun kamfanin Analog Devices ya yi wuyar samu aka maye gurbinsa da na Texas Instruments, manhajar da ke aika lamba Abuja ba ta buƙatar a sake ta daga tushe. Ga na'urori masu saurin awo, IIO na tara bayanai a ma'aji tare da buga wa kowane awo hatimin lokacin da aka ɗauke shi.

Akwai kuma Comedi, wanda David Schleef ya fara a ƙarshen shekarun 1990 domin katunan tattara bayanai da ake sakawa cikin kwamfutocin ɗakin gwaji, irin na kamfanonin National Instruments da Advantech. Ya shiga ɓangaren gwaji a 2009, ya fita a 2021. Katin da aka saya shekara ashirin da suka wuce, wanda kamfaninsa ya daina kula da shi, yana iya ci gaba da aiki ta wannan hanya. A Nuwamban 2024, zubi na 6.12 ya shigo da tsarin amsawa cikin ƙayyadadden lokaci, wanda aka shafe kusan shekara ashirin ana gina shi, kuma shi ne abin da na'urorin sarrafa injina ke buƙata. Tun 2016 kuma Gidauniyar Linux ke tafiyar da wani shiri mai suna CIP, wanda kamfanoni irin su Siemens da Toshiba da Hitachi suka kafa domin kula da zaɓaɓɓun zubin kanel na aƙalla shekara goma, saboda kayan jirgin ƙasa da wutar lantarki da masana'antu. Waɗannan kamfanoni sun hango irin matsalar da ke jiran hukumomin Nijeriya, suka haɗa kuɗi suka tare ta.

Ba kogi kaɗai ba

Babban Birnin Tarayya kansa yana rataye da irin waɗannan na'urori. A farkon Satumban 2018 ƙasa ta yi motsi a Mpape, mazauna Maitama ma suka ji, abin ya sake faruwa a Satumban 2024. Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, NGSA, da cibiyar hukumar sararin samaniya NASRDA da ke Toro a Jihar Bauchi su ne ake jira su ce ga inda motsin ya taso. Na'urar awon girgiza takan ɗauki awo ɗari a daƙiƙa ɗaya, kuma ana gano tushen motsin ne ta kwatanta lokacin da ya isa tashoshi aƙalla uku. Idan hatimin lokaci ya kauce, wurin da za a nuna a taswira ya kauce tare da shi.

A filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, ita ke ba matuƙa awon iska da nauyinta da nisan gani. Ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin fasinja da ya tashi daga nan zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 96 suka rasu, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙan su. Rahoton bincike ya ambaci juyawar iska kwatsam cikin abubuwan da suka haddasa haɗarin, daga baya aka kafa na'urorin gano irin wannan iska a wasu filayen jiragen ƙasar. Haka nan ruwan Madatsar Usuma da Abuja ke sha ana auna tsabtarsa da na'ura, layukan wutar ƙasa ma cibiyar Osogbo na ganin su ne ta na'urorin awo. Ba ana ɗora alhakin ko ɗaya daga cikin waɗannan al'amura a kan direba ba ne. Ana nuna nauyin abin da ke rataye a kan lambar ne, domin a ga cewa bai dace a bar hanyarta a hannun kamfani ɗaya ba.

Abin da masu ja za su ce

Injiniyan da ya san aikin zai ce yawancin akwatunan tattara bayanai na bakin kogi ba Linux ke tafiyar da su ba, ƙananan guntaye ne masu manhajar kansu da ke cin wuta kaɗan. Gaskiya ne, kuma babu hikima a tilasta musu babbar manhajar da ba su buƙata. A irin wannan hali sharaɗin sai ya koma kan yaren da akwatin ke yi da waje. Akwai SDI-12, wanda aka tsara tun ƙarshen shekarun 1980 domin sansar ruwa da yanayi, akwai Modbus da ke aiki a masana'antu tun 1979, kuma dukkansu a buɗe suke. Akwatin da ke jin ɗayansu ana iya sauya masa sansa ko kwamfutar karɓa ba tare da neman izinin kowa ba. Manufar ɗaya ce, kada wata gaɓa a hanyar lambar ta zama sirrin mai sayarwa.

Mai kula da kasafi zai ce buɗaɗɗiyar manhaja ba kyauta ba ce. Shi ma ya yi gaskiya. Birnin Munich na Jamus ya mayar da dubban kwamfutocin ofisoshinsa kan Linux tun tsakiyar shekarun 2000, a 2017 majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Windows. Darasin shi ne sauya manhajar da dubban ma'aikata ke rubutu da lissafi da ita aiki ne mai tsada da rigima. Abin da ake magana a nan ya fi wannan ƙanƙanta ƙwarai. Babu wanda ya ce a taɓa kwamfutar sakatare ko ta akanta. Akwati ne a bakin kogi ko a gefen titin jirgi, wanda injiniyoyi kaɗan ke taɓawa, kuma kuɗin horar da su bai kai na sake sayen tashar ba.

Jami'in tsaro zai ce abin da kowa ke iya karantawa, mugu ma zai karanta. A Maris 2024 an gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a xz, wata ƙaramar manhaja da tsare-tsaren Linux da dama ke amfani da ita, wanda ya nuna cewa buɗewa ba laya ba ce. Amma wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya gano ta kafin ta yaɗu, domin yana da damar bin sawun abin da ya ga yana jan lokaci. A rufaffen direba, injiniyan gwamnati ba shi da wannan dama, sai dai ya yarda da abin da aka faɗa masa.

Akwai kuma wanda zai ce wannan duk ƙaramin abu ne kusa da satar faifan sola, da mutuwar batir, da laka da ke toshe sansa, da kuɗin layin waya da ba a biya ba. Waɗannan matsaloli ne na gaske, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bambancin shi ne kowannensu ana iya magance shi da kuɗi da mota da ma'aikaci a duk ranar da aka ga dama. Rufaffen direban da kamfaninsa ya bari kuwa babu kasuwar da za a same shi. Ranar rubuta kwangila ce kaɗai gwamnati ke da ƙarfin ciniki a kansa. Dole a kuma yarda cewa kanel ɗin Linux ma yakan cire direban da ya daɗe babu mai amfani da shi, amma rubutun yana nan a tarihi, duk mai buƙata zai iya ɗauko shi ya farfaɗo da shi.

Abin da ya kamata ya shiga fayil

Ba a buƙatar sabuwar doka. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ce a ba da kwangila ga mafi ƙarancin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka gindaya, wanda ke nufin ikon yana hannun mai rubuta sharuɗɗan. Hukumar BPP ce ke da samfurin takardun neman tayi, Hukumar NITDA kuma ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatu kafin a aiwatar da su. Sharaɗin buɗaɗɗen direba bai ambaci sunan kamfani ba, don haka bai toshe gasa ba. Abubuwa biyar sun isa.

Na farko, mai neman kwangila ya lissafa guntayen awon da ke cikin na'urarsa, da sunan direban kowanne, da zubin kanel ɗin da ya fara ɗauke da shi, ko kuma buɗaɗɗen yaren da akwatin ke yi. Na biyu, inda direban ba ya cikin babban rumbu, a miƙa asalin rubutunsa tare da lasisin da ya ba gwamnati damar gyarawa, a ajiye kwafi a hukumar, wani kuma a wajen Galaxy Backbone. Yana da kyau lauyoyin ma'aikatu su sani cewa lasisin GPL da Linux ke kai ya riga ya wajabta wa duk wanda ya sayar da na'ura ɗauke da kanel ɗin ya ba mai saye damar samun rubutunsa. Haƙƙi ne da ake bari ya wuce domin ba a tambaya.

Na uku, kafin a biya kason ƙarshe, injiniyan hukumar da kansa ya ɗora manhajar a kan sabuwar kwamfuta daga farko har lamba ta fito, ɗan kwangila yana gefe hannunsa a naɗe. Idan hakan bai yiwu ranar karɓar aiki ba, ba zai yiwu bayan shekara biyar ba. Na huɗu, ɗanyen awo ya sauka kai tsaye a rumbun bayanan gwamnati cikin tsarin da kowace manhaja ke karantawa, kada ya tsaya a shafin kamfani da ake biyan kuɗin shiga duk shekara. Na biyar, a rubuta adadin shekarun da za a ci gaba da samun gyaran tsaro, da jadawalin daidaita sansa da ma'auni na gaskiya, aikin da Hukumar SON ke da cibiya dominsa a Enugu. Direba mai kyau zai isar da lambar ƙarya cikin aminci idan sansar ta kauce.

Su wa za su riƙe shi

Rubutun da aka ajiye ba shi da amfani idan babu mai karanta shi. Umarnin Shugaban Ƙasa na 003 na 2017 da na 5 na 2018 sun yi maganar fifita kayan gida da ƙwararrun gida, Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta sake jaddada hakan a Mayun 2025 da manufar fifita Nijeriya a saye-saye. Ƙera guntun ADC a cikin gida abu ne mai nisa. Rubuta direbansa kuwa ba ya buƙatar masana'anta, kwamfuta ɗaya da allon gwaji da takardar bayanin guntun sun wadatar. Shirye-shiryen horar da sababbin masu rubuta manhaja na duniya, irin su Outreachy da Google Summer of Code, sun daɗe suna amfani da direbobin IIO a matsayin ƙofar shiga aikin kanel, domin gajeru ne kuma akwai ƙwararrun da ke duba su kyauta a bainar jama'a.

Ɗalibin ajin ƙarshe a sashen injiniyan lantarki na Jami'ar Abuja, ko ta Fasaha da ke Minna, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, zai iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kammala karatu idan wata hukuma ta ba shi aron sansa ɗaya. Hukumar NASENI da ke Idu tana da hurumin haɗa irin wannan aiki. Shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta fara a 2023 zai iya ware gurbi ga wannan fanni, domin ƙasar na buƙatar masu sa manhaja ta yi magana da ƙarfe kamar yadda take buƙatar masu gina shafukan intanet. A cikin hukumomin kuma, injiniya biyu ko uku da aka horar, aka bar su a kan aikin ba tare da an yi ta sauya musu wuri ba, sun isa su riƙe tashoshi masu yawa.

Kowace shekara NIHSA na fitar da hasashen ambaliya, NiMet na fitar da hasashen damina, ana taro a Abuja, ana raba littattafai. Fashewar Madatsar Alau a kan Maiduguri a Satumban 2024 da ambaliyar Mokwa a Mayun 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 150, za su sa a ci gaba da neman kuɗin sababbin na'urorin gargaɗi, kuma ya kamata a bayar. Fayilolin waɗannan saye-saye za su bi ta hannun jami'an tsare-tsare da na saye da mataimakan ministoci da na 'yan majalisa, mutanen da ba aikinsu ba ne su san yadda ake rubuta direba. Abin da ke hannunsu shi ne su ɗauki biro su rubuta a gefen takarda: ina direban wannan na'ura yake, wa ke da ikon gyara shi idan kamfanin ya tafi? Ɗan kwangilar kirki zai amsa cikin layi biyu. Wanda ya kasa amsawa, gara a sani tun fayil yana kan tebur, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a watan Satumba ruwan Lokoja ba ya jiran a sake tallata kwangila.